Tambaya da Amsa: Tayar da Tsohuwar PDP-11 daga Tef ɗin da Ba Ta Sani Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne da ke karatun injiniyan lantarki a Ingila, kuma a ƙarshen mako nakan taya wani dattijo mai tara tsofaffin kwamfutoci aiki. Mun gyara wata tsohuwar kwamfuta PDP-11/34 ƙirar kamfanin DEC har ta farfaɗo, sai dai faifanta na RK05 babu komai a cikinsa, kuma babbar manhajar da muke da ita tana kan wani tef mai layi tara wanda ke ɗauke da Unix bugu na shida. Na'urar karanta tef ɗin da katin da ke sarrafa ta duk ba ƙirar DEC ba ne. Duk lokacin da muka umarci kwamfutar ta tashi daga tef, ko motsi tef ɗin ba ya yi. Akwai dabara, ko mu haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ku haƙura tukuna, domin alamar da ka bayyana ba ta nuna cewa wani abu ya lalace ba. Kwamfutar da aka kunna ba ta san yadda ake karanta tef ba sai an koya mata, kuma a kan 11/34 wannan koyarwa yawanci tana cikin katin M9312, wanda ke da gurabe huɗu na ƙananan ƙwayoyin ROM, wato ma'adanar umarnin da ba ya gogewa ko an kashe wuta, kowace ƙwaya da irin na'urar da ta iya: DK na faifan RK05, DL na RL01 da RL02, MT na tef mai katin TM11, MS kuma na TS11. Idan ƙwayar tef ba ta cikin guraben nan, ko kun kwana kuna ba da umarni tef ba zai juya ba. Ku zare katin ku duba ƙwayoyin da ke kansa kafin komai.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci, shi ne kwamfutar ba ta ganin na'urar tef ɗin kwata-kwata, katin sarrafawa kaɗai take gani. Kamfanoni irin su Emulex da Dilog sun yi kasuwa ne da ƙera katunan da ke kwaikwayon na DEC, ta yadda manhaja za ta ɗauka da TM11 ko TS11 take magana alhali na'urar da ke ƙarshen wayar ta wani kamfani ce daban. Saboda haka tambayar da za ku amsa ita ce wane kati naku yake kwaikwayo. A nan mutane da yawa suke ruɗewa, domin TM11 da TS11 adireshinsu ɗaya ne, 172520 a lissafin oktal (ƙirga mai amfani da alƙaluma 0 zuwa 7), amma harshensu ya sha bamban. Shi TM11 ana rubuta masa umarni kai tsaye a cikin rajistocinsa, wato ƙananan guraben ajiye lamba da ke jikinsa, shi kuwa TS11 sai an tsara masa ƙunshin umarni a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta sannan a nuna masa inda aka ajiye. Lambar samfurin da ke jikin katin da littafinsa su ne za su raba gardama.

Idan kun yi sa'a katin na TM11 ne, aikinku ya zo da sauƙi, domin takardar girka Unix bugu na shida, wanda ya fito daga Bell Labs a 1975, ba ta dogara da ROM ba sam. Lambobi shida ta ce a shigar da hannu daga adireshi 100000, wato 012700, 172526, 010040, 012740, 060003 da 000777. Kuna iya shigar da su ta maɓallan fuskar kwamfutar, ko ta tashar rubutu idan alamar @ ta M9312 ta bayyana, inda L ke saita adireshi, D ke ajiye lamba, S kuma ke fara aiki. Yana da kyau ka fahimci abin da suke yi maimakon ka haddace su. Biyun farko suna sa adireshin 172526 a rajista R0 ta kwamfutar. Ta uku tana komawa baya zuwa 172524, inda katin ke karɓar adadin bayit ɗin da zai karanta, ta zuba masa wannan adireshin da kansa. Da yake katin yana ƙirga adadin a matsayin lamba mai ragi (ƙasa da sifiri), sai ya zama an ba shi izinin karanta bayit sama da 2,700, wanda ya ishi tubalin farko, wato kashin farko na bayanan da ke kan tef, har da rara. Ni dai wannan dabara tana burge ni, domin mai rubutun ya rage wa mai danna maɓalli lamba guda ta hanyar amfani da abin da ke hannunsa. Ta huɗu da ta biyar suna rubuta 060003 a rajistar umarni, ma'ana a karanta tef mai layi tara a ma'aunin 800 a kowane inci na tef, kuma a fara yanzu. Ta ƙarshe tana sa kwamfutar ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. Za ku ga tef ya ɗan zabura ya tsaya. Sai ku tsayar da kwamfutar ku sake tayar da ita daga adireshi sifiri. Idan alamar = ta fito a tashar rubutu, tef ya karantu, kuma shirin da ke kwafewa daga TM11 zuwa RK05 sunansa tmrk.

Idan kuwa katin na TS11 ne, gaskiya lambobin nan ba za su amfane ku ba, kuma ko kun rubuta wasu da suka dace da shi har tubalin farko ya shiga ƙwaƙwalwa, a nan za ku cije. Shi wannan tubali shiri ne da zai ci gaba da karanta sauran tef ɗin da kansa, kuma tef ɗin bugu na shida katuna biyu kaɗai ya sani, na na'urar tef TU10 (wato TM11) da na na'urar TU16. Akwai kuma batun ma'aunin rubutu: tef ɗin da aka rubuta a kan 800 ba zai karantu a na'urar da 1600 kaɗai ta iya ba, domin salon rubutun biyu daban ne, kuma babu lambar da za a danna ta gyara wannan.

A irin wannan hali shawarata ita ce ku kauce wa tef ɗin gaba ɗaya. Ku girka Unix ɗin a cikin SIMH, manhajar da Bob Supnik ya fara wadda ke kwaikwayon PDP-11 a kwamfutar zamani, ku sami cikakken kwafin faifan RK05 a fayil guda, sannan ku tura shi zuwa ainihin faifan ta wayar siriyal da VTserver na Warren Toomey. Hanyar tana da jinkiri, domin a gudun bit 9600 a daƙiƙa, bayit kusan 960 ne ke wucewa a daƙiƙa, faifan RK05 kuma megabayit biyu da rabi ne, don haka ku tanadi aƙalla minti 45 na zaman jira.

Ko wace hanya kuka bi, kada ku yi gwaji da tef ɗin na asali. Tef ɗin da ya shekara arba'in ko hamsin yakan yi danƙo, sinadarin da ke riƙe da rubutun ya riƙa maƙalewa a jikin kan na'ura da ke karanta tef, kuma karatu ɗaya na iya zama na ƙarshe. Ku cire zoben roba da ke bayan farantinsa domin kada a rubuta komai a kansa bisa kuskure, ku goge kan da ke karanta tef da sinadarin isopropil, ku gwada lambobin shida a kan wani tef da ba ku damu da shi ba, sannan ku ɗora na asalin.