Me ya sa rigimar jinsi ta ƙi ƙarewa a Birtaniya da Amurka?

Ɗan'uwa ka tambaya wai me ya sa 'yan siyasarsu ke ta cacar baki kan waye namiji wacece mace. To gaskiya ba surutu ba ne kawai, doka ce a ciki.

A Birtaniya tun 2004 akwai dokar da ta ba mutum damar canza jinsinsa a takarda. Sai tambaya ta taso, wanda aka haifa namiji ya samu satifiket ɗin canza jinsi, zai shiga gidan yarin mata ko ya yi tsere da mata? Nan fa aka rabu, wasu ƙungiyoyin mata suka ce sam, masu sauya jinsi kuma suka ce in an kore su ina za su je, ga tsangwamar da suke sha dama. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa, amma ta ce dokar na nan tana kare masu sauya jinsi daga wariya.

Amurka kuwa abin ya koma kamfe, Trump yana hawa a Janairun 2025 ya sa hannu cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani.

Ni wallahi yara ne suka fi damuna. Rahoton da Dakta Hilary Cass, wata likitar yara a Birtaniya, ta fitar a 2024 ya ce hujjar amfanin maganin dakatar da balaga da ake ba yara masu son sauya jinsi ba ta da ƙarfi, amma maimakon a zauna da likitoci da iyaye a duba lafiyar yaran nan, sai ka ga kowane ɓangare yana neman ƙuri'a da su.