Ɗana ɗan shekara 15 yana shan tiramol, shin ƙwaƙwalwarsa za ta dawo daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na tsinci fakitin tiramol a aljihun ɗana mai shekara 15. Karatunsa ya ja baya, ga saurin fushi, makon jiya har ya faɗi yana shure-shure. Baffansa ya ce a kai shi gidan mari. Ƙwaƙwalwarsa ta lalace ke nan? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai yanke shawara da taka wa zuciya birki, bai gama nuna ba sai wajen shekara 25. Shi ya sa ƙwaya ke saurin kama yaro fiye da babba. Amma ƙwaƙwalwar da ke girma tana iya farfaɗowa idan aka yi saurin kama abin. Faɗuwar da ya yi kuwa, tiramol mai yawa yana jawo farfaɗiya, musamman irin mai lamba 225 da ake sayarwa a ɓoye. Ba aljanu ba ne.

Maganar gidan mari kuma, Hajiya, kada ki yarda. Kullum sai an kawo min yaran da suka fito daga can: ƙafa ta kumbura da sarƙa, baya duk shatar bulala, yaron ya fito ya ƙara tsanar iyayensa. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, idan aka yanke masa lokaci guda, zai yi ta gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, ya kasa barci. Mai gidan mari ya ga haka sai ya ce taurin kai ne, ya ƙara duka. Ina ilimin a nan? A watan Satumbar 2019 ’yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa, Kaduna, da yawansu yara, wasu a ɗaure. Har yau iyaye na biyan kuɗi a azabtar musu da ’ya’ya, suna cewa gyaran hali ne. Sarƙa tana riƙe ƙafa ne kawai, ranar da aka kwance shi kemis zai nufa.

Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a makon nan, ki tafi da fakitin, ki faɗa musu zancen faɗuwar. Su za su rage masa a hankali. Ki zauna da Baffansa ki nuna masa wannan amsar, in da hali ku je asibitin tare.