Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Gwanaye Biyar Ke Shan Kashi Idan Sun Haɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu biyar ne a fadarmu, kuma bayan sallar isha'i mukan buga Mobile Legends tare a wayoyinmu. Kowannenmu idan ya shiga wasa shi kaɗai cikin baƙi yana taɓuka abin kirki, amma tun da muka kai matakin gasa da ake kira Epic, da zarar mun haɗu mu biyar sai shan kashi. Ana yawan yi mana kwanton ɓauna, kuma kafin shayi na biyu ya sauka mun fara zargin juna. Ina gyaran yake?
Daga wani ɗalibi, unguwar Bukoki, Yamai

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ga masu karatun da ba su san wasan ba, kamfanin Moonton ne ya fitar da shi a shekarar 2016. Mutum biyar ne ke karawa da biyar a fili mai hanyoyi uku, kowace hanya da hasumiyoyin tsaro, kuma nasara tana ga ɓangaren da ya rushe sansanin abokan karawarsa, ko da kuwa shi aka fi kashewa.

Abin da ka bayyana ya nuna mini cewa yatsunku sun ƙware, amma idanunku suna manne da jaruman da kuke sarrafawa. A ƙananan matakai saurin hannu yana rufe wannan aibi. Daga Epic zuwa sama kuwa za ku riƙa gamuwa da mutanen da ke kallon ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo, kuma su ne ke laɓe muku a cikin ciyawa.

Wata injiniya ƴar Amurka, Mica Endsley, wadda ta yi nazari a kan matuƙan jiragen sama, ta wallafa a shekarar 1995 cewa sanin halin da ake ciki yana da matakai uku: mutum ya ga abin da ke kewaye da shi, ya fahimci ma'anarsa, sannan ya yi hasashen abin da zai biyo baya nan da ɗan lokaci. Mu ɗora wannan a kan wasanku. A ce kai ne maharbi a hanyar zinariya, ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku, kuma abokin karawarka ya ja da baya zuwa gindin hasumiyarsa da ɗan guntun rai, har yatsanka yana ƙaiƙayin binsa. Ka ɗaga ido zuwa taswira, sai ka ga fuskokin abokan gaba biyu kacal. Wannan shi ne gani. Fahimta ita ce ka gane cewa taswira ba ta nuna maƙiyi sai idan wani naku, ko ƙananan sojojinku, ko hasumiyarku na ganinsa, saboda haka mutum uku suna wani wuri da babu idonku. Hasashe kuma shi ne ka tuna cewa mai sihirinsu ya share sojojin hanyar tsakiya ƴan daƙiƙoƙi da suka wuce, wanda ke nufin ya samu isasshen lokacin da zai iso ciyawar da ke bayanka. A nan guntun ran da kake kwaɗayi tarko ne, kuma komawa gindin hasumiyarka shi ne daidai, ko da daga baya ta bayyana babu kowa a ciyawar.

Cewa mutum ya riƙa duba taswira shawara ce da kowa ke bayarwa, kuma ba ta cika aiki ba, domin a tsakiyar faɗa ba wanda ke tunawa. Abin da ya fi shi ne ka ɗaura dubawar a kan abubuwan da dole sai sun faru: duk lokacin da ka gama da ayarin ƙananan sojoji, kafin ka ƙetare kogi, da kuma kafin ka kusanci kowace ciyawa. Idan ka duba, ka ƙirga fuskokin abokan gaba. Muddin ba su cika biyar ba, ka tambayi kanka inda aka ga na ƙarshe da inda ya dosa.

Sai batun magana, wanda a ganina nan ne kuke zubar da babbar damarku. Ƴan wasa da yawa a duniya suna dogara da ƴan alamun da wasan ya tanada na kai hari, ja da baya da taruwa, ku kuwa kuna zaune a tabarma ɗaya, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Sai dai in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Maganar da ke da amfani a cikin wasa gajera ce, kuma tana faɗin wane ne, ina yake, ina ya nufa: "Mai sihirinsu ya ɓace daga tsakiya, ya yi ƙasa." Ko kuma: "Maharbinsu ya ƙona Flicker," wato ya yi amfani da dabarar da ke ɗauke jarumi zuwa ɗan nesa cikin ƙiftawar ido, wanda ke sanar da kowa cewa kusan minti biyu ba shi da wannan hanyar tsira. Tambayar "Me ya kai ka can?" ba ta da gurbi yayin da ake wasa, domin tana magana ne a kan abin da ya riga ya wuce, kuma wanda aka yi wa ita zai ɓata daƙiƙoƙi yana kare kansa maimakon ya kalli allo.

Kowa na iya ba da labarin abin da ya gani, amma yanke shawarar shiga faɗa, ko janyewa, ko zuwa kan Kunkuru da Lord, manyan dodanni biyu da kashe su ke ƙara wa ƙungiya ƙarfi, ya kamata ya kasance a bakin mutum ɗaya. Yawanci mai riƙe da tanki, wato jarumi mai jure duka, wanda ke yawo tsakanin hanyoyi, shi ya fi dacewa, saboda ba ya shagala da tara zinariya kuma shi ke fara shiga ciyawa. A nan akwai wani abu namu da ba a cika faɗa ba. A fada ana jin nauyin babba, kuma ƙarami zai ga kuskure ƙuru-ƙuru ya yi shiru don kada a ce ya raina yayansa, ko kuma a bar jagoranci ga wanda ya sayi forfen intanet na daren. Ku zauna kafin wasa ku amince cewa na tsawon kwata ɗin awan nan muryar wane ce ake bi, ko da shi ne autan fada. Idan ya ce a shiga, ku shiga ku biyar ko da kana da shakka, domin mutum uku a ciki da biyu suna waige a baya shi ne yanayin da ake kashe ku ɗaya bayan ɗaya.

Tun da a Epic ake fara hana jarumai da zaɓensu bi da bi, kowannenku ya koyi aiki biyu, kada ku wayi gari da masu kisa huɗu babu mai tare musu gaba. Idan kun ci faɗa, ku juya kan hasumiya ko Lord nan take, musamman a ƙarshen wasa lokacin da wanda ya mutu ke daɗewa bai dawo ba.

Zargin juna kuma ku ɗage shi zuwa bayan wasa, ku sauya masa siffa. Ku buɗe maimaicin karawa ɗaya da kuka faɗi, ku tsaya a kowace mutuwa, ku koma baya da daƙiƙa goma, sannan wanda ya mutu ya faɗi da bakinsa fuskoki nawa ke taswira a lokacin.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matsalata rezo ce. Ina cikin faɗa sai jarumata ta tsaya cik, kafin ta motsa an kashe ni, kuma abokan wasata sun fara gudun shiga da ni. Shin in haƙura da wasan gasa ne?
Daga wata ɗaliba, Tawa

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Wani ɓangare na jinkirin ba laifinki ba ne kuma ba ki da iko a kansa. Na'urorin da ke ɗauke da waɗannan wasanni suna ƙasashen waje, Nijar kuma ba ta da gaɓar teku, saboda haka saƙonki yakan bi wayoyin ƙasa ta maƙwabta kafin ya kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin teku. Haske a cikin irin wannan waya yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 na ƙara kusan kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa a zuwa da dawowa.

Tsayawa cik ɗin da kika ambata kuwa yawanci daga kusa take. Ki rufe TikTok da sauran manhajojin da ke aiki a ɓoye, ki hana WhatsApp sauke hotuna da bidiyo da kansa, kuma kada ki shiga gasa a kan intanet ɗin da wayoyi da yawa ke ja a lokaci guda. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, waya takan rage gudun aikinta don kada ta lalace, sai hoto ya riƙa sarƙewa ki zaci rezo ce. Ki cire mata riga, ki daina wasa tana kan caji, ki kuma sauke ingancin hoto zuwa mafi ƙanƙanta.

Ki fara da karawa ɗaya ta sada zumunci don ki ga lambar jinkirin da wasan ke nunawa. Idan tana tsalle sama da ƙasa, ki bar gasa a wannan daren, domin wasan yana rage makin amanar wanda ya ɓace a tsakiyar karawa. Idan lambar tana da ɗan yawa amma a tsaye take, ki zaɓi tanki ko mai dafa baya maimakon jaruman da ke buƙatar dannawa daidai ƙiftawar ido, kuma ki sanar da abokan wasanki tun a wurin zaɓen jarumai domin su san ba ke za ki buɗe faɗa ba.