Yadda muka gano shekarun kakanmu a Maiwurno

Malam, ka tambaye ni yadda muke sanin shekarun tsofaffinmu a nan Sudan, tunda babu wanda ya zo da takardar haihuwa. To, da abubuwan da suka faru muke ƙirgawa, kuma gidanmu ya isa misali.

Kakana, mahaifin babana, ya sha gaya mana cewa lokacin da aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, shi yaro ne da ya fara famfara, ba a ko yi masa kaciya ba. Ka ga ke nan bai wuce shekara bakwai ba, sai muka ajiye haihuwarsa wajen 1896. Bayan yaƙin ayarinsu ya nufo gabas da niyyar hajji, amma bai yi sauri ba. Su yi damina a wuri, su noma guzuri, su tashi. Ta Borno da Wadai suka bi, kuma ya ce a Fashir ya fara azumi cikakke, Ali Dinar na kan gadon sarautar Darfur. Turawan Ingila sun kashe Ali Dinar a 1916, to kafin nan ne.

Da suka iso bakin Shuɗin Nilu sun tarar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, ya riga ya kafa garin da muke ciki, kusa da Sinnar. Auren kakana kuwa kakata ce ta riƙe lissafin: ana tsakiyar ginin madatsar Sinnar, wadda mu ke kira hazzan, aka kai ta ɗaki. An gama ginin a 1925, daga nan aikin auduga ya buɗe a Jazira, kuma da kuɗin tsinkar audugar nan ya sauke farali ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Hajjin da aka fito dominsa yana yaro, sai da furfura ta fara fito masa ya same shi. Wannan wurin yakan sa ni hawaye.

Kada ka ɗauka hira ce kawai ta bayan sallar isha'i. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wato jinsiyya, ta nemi mutum ya nuna kakanninsa na zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mu da muka iso bayan Burmi sai aka bar mu a matsayin baƙi, ana ce mana Fallata ko Takari, alhali iyayenmu a nan aka yanke musu cibiya. Shi ya sa tsofaffinmu ba sa wasa da wace shekara wane ya iso, da wanda ya ga isowarsa.

Kakana ya rasu a shekarar yunwa, lokacin da ake rabon dawar agaji ta Amurka da mutane suka sa wa suna hatsin Rigan, wato shugaban Amurka na lokacin, 'yan watanni kafin a hamɓarar da shugaban Sudan Numairi a watan Afrilun 1985. Shekara tamanin da takwas ko da tara ke nan. Har ya koma ga Allah, idan aka tambaye shi garinsu, Sakkwato yake cewa.