Tambayi Magini: Nawa Zan Kashe a Daɓe Mai Ƙafafu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki, ya iyali? Ina da makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Na gina babban zaure a saman bene, tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 15, ina so in mai da shi cibiyar jarrabawar JAMB ta kwamfuta. Akwai kuma ɗan ɗaki mita 3 da mita 4 da za a ajiye saba, wato babbar kwamfutar da sauran za su haɗu da ita. Yaron da zai haɗa mana wayoyi ya ce in sa irin daɓen nan na bankuna da ake ɗorawa a kan ƙafafun ƙarfe, wayoyi su bi ta ƙarƙashi. Na nemi kiyasi a kamfani biyu, ɗaya a Legas, ɗaya a Abuja. Na Abuja ya kusa ninka na Legas, alhali duka murabba'in mita 300 suka rubuta. Wane ne ke neman cuta ta? Kuma nawa ne ainihin kuɗin abin?

— Mai makaranta, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa yara su amfana.

Kafin ka zargi kowa, ɗauko takardun nan biyu ka shimfiɗa su gefe da gefe a kan tebur. Na daɗe ina ƙididdigar kayan gini (Injiniya dai mutane ke kirana, amma aikina lissafi ne da tef a aljihu), kuma kusan duk lokacin da na ga kiyasi biyu sun yi hannun riga haka a kan wannan daɓe, sai in tarar ɗaya kuɗin kaya ne a jibge a sito a Legas, ɗayan kuma kuɗin ɗakin da za ka shiga ka taka da takalminka. Mai yiwuwa ne dukansu gaskiya suka gaya maka.

Wannan daɓe, da masu sana'ar ke kira res-fulo, fallaye ne masu kusurwa huɗu, santimita 60 ta kowane gefe. Ana ɗora su a kan ƙafafun ƙarfe masu zare irin na noti, a riƙa murɗawa suna hawa ko sauka har daɓen ya daidaita. Idan ana son duba waya, sai a kawo wani mariƙi mai bakin roba a manna shi a kan falle kamar yadda wanzami ke kafa ƙaho, a ɗaga, a gyara, a mayar. An fara yin sa ne saboda manyan kwamfutocin shekarun 1950 da 1960, waɗanda wayoyinsu suka kai kaurin dantse kuma suke buƙatar iska mai sanyi ta ƙasa.

Mu ƙirga zaurenka. Mita 15 za ta ci falle 25 cif. Mita 20 kuwa za ta ci 33 da 'yar ragowa, dole a yanka wani layi, ya zama 34. Ka ninka, falle 850 ke nan, ka ƙara kamar goma na ajiya. Ƙafafu za su kai 910. Irin fallen da ya fi yawa a kasuwarmu, na ƙarfe da aka cika cikinsa da siminti, yana kai kilo 14 ko kusa da haka. Wato kusan tan 12 na kaya za a ɗauko daga bakin ruwa, a yi tafiyar da ta haura kilomita 800, sannan leburori su hau matakala da su falle-falle. Duba takardar ɗan Legas ko ka ga inda ya rubuta kuɗin tirela da na dako. Ina kyautata zaton babu.

Kayan nan shigo da su ake yi. Masu araha galibi daga birnin Changzhou na ƙasar Sin suke fitowa, inda masana'antunsu suka taru. Masu tsada kuwa na kamfanoni ne irin su Kingspan da Tate da Lindner ta Jamus. Don haka da dala ake lissafinsu ko da naira aka rubuta maka. Ka tuna kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tun daga nan 'yan kasuwa suka koyi rubuta wa'adin mako ɗaya ko biyu a ƙasan kiyasi. Duba ranar da ke kan kowace takarda, don wani lokaci bambancin duka a nan yake. Adadin da zan ba ka misali ne na lissafi kawai, ka sa farashin da aka ba ka a gurbinsa: mu ƙaddara falle da ƙafafunsa dala 30 ne kowane murabba'in mita a bakin masana'anta. Na mita 300 dala 9,000 ke nan, a canjin 1,500 naira miliyan 13 da rabi, kaya ba su ko shiga jirgi ba. A kan wannan za a ɗora kuɗin kwantena, da harajin kwastan, da VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da ladan ejan, da tarar kwana idan kaya suka daɗe a Apapa, da ribar dila, da ladan masu kafawa waɗanda sai an ɗauko su daga Legas ko Abuja an ba su masauki da abinci.

Sai batun irin fallen, inda aka fi yi wa mutane wala-wala. Akwai mai cikin siminti, akwai mai cikin markaɗaɗɗen katako da aka lulluɓe da ƙarfe, akwai mai cikin farin dutse irin na fi'ofi amma matsattse mai nauyi, wannan ya fi tsada kuma ya fi jure wuta. A hoto duk ɗaya suke. Ma'aunin Turai mai suna EN 12825 ya kasa su aji shida bisa nauyin da ke karya su a wuri guda: aji na 1 kimanin kilo 400, aji na 6 kimanin kilo 1,200, kuma rabin wannan ko sulusinsa ake yarda a ɗora a aikin yau da kullum. Kiyasin da bai rubuta aji ba, sayen kifi a ruwa ne. Haka saman fallen: wani yana zuwa tsirara, sai ka sake sayen kafet ko leda ka shimfiɗa, wani yana zuwa da fuskarsa mai hana taruwar lantarkin jiki. Duk wanda ya taɓa kama mariƙin ƙofar mota a tsakiyar hunturu ya ji ta ɗan tsunkule shi, ya san abin da nake nufi, kuma kayan cikin saba ba su son wannan tsunkulin ko kaɗan. Tsayi ma kuɗi ne. Santimita 10 zuwa 15 ta ishi wayoyin ofis. Idan aka yi sama sosai sai an ɗaure ƙafafun da sandunan gicciye don kada su yi rawa, ga ƙarin ƙarfe, ga ƙarin aiki.

Mai cikin katako ba na ba kowa shawararsa a ƙasar nan. Na taɓa ganin wani ofis da mai shara ke kwara ruwan bokiti a daɓe kowace safiya, yadda ta saba yi a kan tayil, babu wanda ya gaya mata komai. Kafin shekara ta zagayo gefen fallayen ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, ƙafa tana tuntuɓe a kowace gaɓa. Da muka ɗaga falle ɗaya, ga ruwa kwance a ƙasa, ga kashin ɓera, ga waya uku an gaigaye su.

Kuɗin da ya fi ba mutane mamaki kuwa ba ya cikin takardar kowane kamfani, domin ginin ne da kansa ke cin sa. Ni ma ya taɓa cin nawa. Wasu shekaru baya na yi wa wani ofis a Kaduna kiyasi, na ƙirga falle, na ƙirga ƙafa, har gam ɗin da ake manna ƙafafu na sa, na miƙa takarda ina jin kaina. Ranar da masu kafawa suka ja igiyar awo a bango, santimita 15 daga ƙasa, sai babbansu ya tsaya ya dubi ƙofa, ya dube ni, bai ce uffan ba. Ƙofofi tara ne, na ƙarfe, 'yan Turkiyya, duk ciki suke buɗewa, an riga an kafa su an yi fenti. Dole aka ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, aka fasa lintal, aka ɗaga, aka sake yaɓe. Soket-soket ɗin bango suka koma dab da daɓe. Ga daɓen simintin na asali ya karkace da kusan santimita 4 daga wannan kusurwa zuwa waccan, gajerun ƙafafun da muka yi oda suka kasa kaiwa a gefe guda, muka zauna mako biyu muna jiran wasu. Mai ginin mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba, amma har yau idan muka haɗu a ɗaurin aure sai ya tambaye ni ya ƙofofi.

A zaurenka akwai ƙari a kan wannan. Idan ka riga ka yi silin ka rataya fanka, duk abin da daɓe ya hau, kan ɗalibi ya matso kusa da fanka ke nan. A bakin ƙofa kuma sai an yi gangara saboda masu keken guragu, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce kowace santimita 1 ta tsayi tana son santimita 12 ta tsawo. Tsayin santimita 15 zai ci mita 1.8 na fili, na santimita 30 zai ci mita 3.6, kujeru nawa ke nan? Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a samar da hanyar shigarsu. Sannan tan 12 ɗin nan, duk da a baje yake, kamar kilo 40 a kowane murabba'in mita, ka sanar da injiniyan da ya zana dakin ɗinka, wato simintin da aka zuba a saman bene, kafin ka ɗora.

To ga ra'ayina, Malam: kada ka sa shi a zauren. Wannan daɓe yana biyan kuɗin sabulu ne a inda ake yawan sauya zama, yau teburi a nan gobe a can, kamar benen haya da kowane sabon kamfani ke zuwa da nasa tsarin. Cibiyar jarrabawa kuwa, JAMB tana neman kwamfuta 250 da 'yan ko-ta-kwana, haɗe da waya, a jere, kuma inda ka kafa teburan nan za su zauna har su tsufa. Ka sa kafinta ya yi teburan da rami a bayansu, tirankin, wato kwaroron da ake jera waya a ciki, guda biyu su bi kowane layi, ɗaya na wuta, ɗaya na wayar sadarwa, kada a haɗa su wuri ɗaya, su fito ta jikin bango su nufi ɗakin saba. Inda dole waya ta tsallaka hanya, akwai murfin ƙarfe mai ɗan tudu da ake ɗaurewa a ƙasa. Tunda a bene kake, kada kowa ya kawo maka shawarar sassaƙe dakin don a binne fayif.

Ɗakin saba shi ne ya cancanta. Mita 3 da mita 4 falle 35 ne da ƙafa 48, kusan rabin tan, ƙaramar a-kori-kura za ta kawo maka su, kuma irin wannan adadin kana iya samunsa a hannun dila ba tare da jiran jirgi ba. A nan kada ka yi tsimi, sayen nagari mai da kuɗi gida: mai cikin siminti ko farin dutse, mai fuskar hana lantarkin jiki, a share ƙasan tas a shafa masa fentin hana ƙura kafin a kafa ƙafa ko ɗaya, a haɗa ƙafafun da wayar atin mai kai lantarki cikin ƙasa, a toshe duk ramin da waya ta ratsa bango saboda ɓera da wuta. Baturan inbata kuma, batir ɗaya mai 200Ah yana kai kilo 60, takwas sun kusa rabin tan a wuri guda, a yi musu teburin ƙarfe da zai tsaya a kan siminti kai tsaye.

Ka koma wa kamfanonin biyu da awon ƙaramin ɗakin, ka ce kowa ya rubuta maka irin cikin falle da ajinsa, tsayin daɓe, ko da sandunan gicciye, kuɗin kawowa Zariya, da kuɗin kafawa har da matakin bakin ƙofa. Ka ce mariƙin ɗaga falle yana cikin ciniki, don na sha ganin an gama aiki an tafi da shi, mai ɗaki ya koma yana ɓanɓarar falle da sukundireba.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da kwamfuta goma sha biyu a Maraɗi. Mai walda na unguwarmu ya ce zai haɗa mini irin wannan daɓe da ƙarfen kwana da filawud. In yarda?

— Mai shago, Maraɗi

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Zai iya yi maka dandamali, kuma wayoyi za su ɓuya, amma ba zai zama mai murɗawa a daidaita ba, zai riƙa ƙara idan an taka, kuma gara da tartsatsin wuta duk abokan gabar filawud ne. Ga kwamfuta goma sha biyu, jera teburan a jikin bango ka bi da tirankin a bayansu. Kuɗin ƙarfen da filawud ɗin ka ƙara batir da su.