Tambayi Likita: Maiƙon kai, ƙaiƙayi da maganin sanƙo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Gashina ya fara zubewa ta goshi, kaina kullum cikin maiƙo. Tun da na fara shafa maganin sanƙo na minoxidil ƙaiƙayi ya ƙaru. Shin in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yi saurin dainawa. Maiƙon da sanƙon tushensu ɗaya. Jiki yana juya homon testosteron zuwa wani homon mai suna DHT, shi kuma DHT yana tsuke saiwar gashi, yana kuma sa fatar kai fitar da mai. Wani naman gwari mai suna Malassezia yana cin wannan man, daga nan amosani da ƙaiƙayi ke tasowa.

A nan shamfu mai ketoconazole (maganin naman gwari) kashi 2 cikin 100 ke aiki, sau 2 a mako na mako 4. Ka cuɗa shi a fatar kai, ka bar kumfar minti 5 kafin ɗauraya. Wasu mutane nan suke kuskure, suna wankewa nan take. Man shafawa kuwa ka ajiye shi tukuna, ƙara wa naman gwarin abinci yake yi.

Idan ƙaiƙayin bayan shafa magani yake zuwa, mai yiwuwa sinadarin propylene glycol ne da ke cikin minoxidil na ruwa. Koma na kumfa, galibi babu shi a ciki. Zubewar gashi takan ƙaru a makonnin farko na shafa minoxidil, amfani sai bayan wata 3 zuwa 6.

Ƙwayar finasteride miligiram 1 kullum tana rage DHT, amma sai da izinin likita, domin takan rage wa wasu sha'awa, kuma mai juna biyu kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar.