Me ɗalibai za su gani a Gidan Tarihi na Kanta?

Malama, kin tambaya ko ya dace ki kai ɗalibanki Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu. Don Allah ki kai su. Tsohuwar fadar Sarkin Kabi ce, a 1942 aka koma sabuwa, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958. Za su ga masu, takubba, layu da tambura. Akwai kaburburan sarakuna a ciki, sai ki ja musu kunne kan hayaniya.

Ni dai na fi so ku daɗe wajen kayan kamun kifi, su ga homa da gora ido da ido, domin yaran yanzu a hoto kawai suka san Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu. Ki roƙi mai yi wa baƙi bayani ya ba su labarin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da Surame, babban birninsa.